Korinti: Birnin da Aka Kafa Sau Biyu

Gabatarwa

Yawancinmu mun fara jin sunan Korinti ne a cikin wasiƙun Manzo Bulus, kuma da yawa daga cikinmu a nan saninmu ya tsaya. In ka tambayi ɗalibi a aji abin da ya sani game da birnin, amsarsa ba ta wuce abu biyu: birni ne na masu kuɗi, kuma akwai haikali a kan dutse mai karuwai dubu. Mun ji wannan a wa'azi, mu ma mun maimaita shi. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wace Korinti ake nufi? Gama birane biyu ne suka zauna a wuri ɗaya da suna ɗaya. Na fari na Helenawa ne, wato mutanen ƙasar Girka, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu (K.H.). Na biyu Romawa ne suka kafa shi a shekara ta 44 K.H., shi ne kuma wanda Bulus ya shiga wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu (B.H.). Ban da biranen nan biyu, akwai tarin hikayoyin asali waɗanda mutanen birnin suke faɗa game da kansu. Aikinmu a wannan nazari shi ne mu rarrabe abubuwan nan uku, hikaya da tsohon birni da sabon birni, domin kada mu ɗauki kayan wani mu ɗora wa wani.

Wurin da birnin yake

Kudancin ƙasar Girka, wanda ake kira Felofonisa, kusan tsibiri ne. Abin da ya haɗa shi da sauran ƙasar wata siririyar ƙasa ce kamar wuya, wadda faɗinta bai wuce kilomita 6 ba a inda ta fi matsewa. Korinti tana zaune a bakin wannan wuya, kimanin kilomita 80 yamma da Atina. A bayanta akwai babban dutse mai tsawon mita 575 da ake kira Akrokorinti, wato Korinti ta Tudu, wanda ya zama mata kagara. Tana da tashoshin jiragen ruwa biyu. Lekayon tana kusa da birnin, tana fuskantar tekun yamma, hanyar Italiya. Kankiriya tana gabas, wajen kilomita 10, tana fuskantar hanyar Afisa da Suriya da Masar. Ita ce Kankiriyar da Fibi take hidima a ikkilisiyarta (Romawa 16:1).

Mai jirgin da ba ya so ya biyo ta wuyan nan, dole ya kewaye kudancin ƙasar ta bakin Maleya, inda iska ta sha farfasa jirage. Saboda haka fatake suka gwammace su sauke kaya a tasha ɗaya, a ɗauke su ta ƙasa zuwa ɗaya tashar. Mai tafiya ta ƙasa daga arewa zuwa kudu shi ma dole ya ratsa ta nan. Kowa ya wuce sai ya biya. Wannan shi ne tushen arzikin Korinti, kuma shi ne ya sa duk mai neman mulkin Girka ya sa mata ido. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamun zaman mutane a wurin tun wajen shekara ta 6500 K.H. Sunan ma kansa, bisa ga masana harshe, ya girmi harshen Helenanci, mutanen da suka riga Helenawa zama a ƙasar ne suka bar shi.

Hikayoyin asali

Mu da muka tashi da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu mun san aikin da labarin asali yake yi. Yana faɗa wa jama'a ko su wane ne, wa ya cancanci sarauta, da dalilin da ya sa wannan rijiya ko wancan dutse yake da daraja. Haka hikayoyin Korinti suke. Yawancinsu mun same su ne ta hannun Fausaniyas, wani Baheleni matafiyi da ya zaga Girka a ƙarni na 2 B.H. yana rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Hikaya ta fari ta rabon ƙasa ce. An ce Fosaidon allahn teku da Heliyos allahn rana suka yi jayayya a kan wurin, sai aka kira wani ƙato mai hannu ɗari, Biriyarus, ya yi musu shari'a. Ya ba Fosaidon wuyan ƙasar, ya ba Heliyos dutsen. Daga baya Heliyos ya bar wa Afrodita, allahiyar ƙauna, nasa rabon. In mun duba da kyau, labarin taswirar birnin ce aka mayar tatsuniya: babban haikalin Fosaidon yana a Istimiya a kan wuyan, na Afrodita kuwa yana a ƙwanƙolin dutsen.

Ta biyu ta suna ce. Talakawan birnin suna cewa wani Korintus ne ya kafa shi, ɗan Zeyus babban allahnsu. Fausaniyas ya ce ban da mutanen Korinti bai san wanda ya ɗauki wannan magana da gaske ba. An ce wani jakadan Korinti ya je Megara, maƙwabciyarsu, yana ta yi musu barazana da sunan Korintus ɗan Zeyus, yana maimaitawa har mutane suka gaji suka far masa da duka. Daga nan sunan ya zama karin magana a Helenanci ga duk zancen da aka maimaita har ya gundure.

Ta uku, wadda ta fi shahara, ita ce ta Sisifus, sarkin da aka ce ya fi kowane ɗan adam wayo. Dutsen Akrokorinti ba shi da ruwa a lokacin, in ji hikayar. Da Zeyus ya sace 'yar Asofus allahn kogi, Sisifus ya ga abin da ya faru, ya ce ba zai faɗa wa uban ba sai ya ba shi maɓuɓɓuga a kan dutsen. Ya sami ruwansa, ya tona asirin. Da aka aiko Mutuwa ta ɗauke shi, sai ya ɗaure ta. Da aka kai shi lahira kuma, ya yi dabara ya dawo duniya. Hukuncinsa na ƙarshe shi ne ya yi ta gangara dutse zuwa kan tudu, duk lokacin da ya kusa kaiwa dutsen ya mirgino ƙasa. Abin lura ne cewa birnin 'yan kasuwa ya zaɓi kakan da ya sayar da asirin allah don ya sami ruwan sha.

Sisifus ɗin nan ne kuma aka ce ya tsinci gawar yaro Melikertis, wanda uwarsa ta faɗa teku da shi, wata dabbar teku da ake kira dolfin ta kawo shi gaɓa. Ya binne shi, ya kafa wasanni don tunawa da shi, su ne wasannin Istimiya. Jikansa Belerofon kuwa shi ne ya kama Fegasus, doki mai fukafukai, yana shan ruwa a maɓuɓɓugar Firene, da linzamin da allahiya Atena ta ba shi. Dokin nan ya zama tambarin birnin. An buga hotonsa a kan kuɗin azurfar Korinti har mutane suka riƙa kiran kuɗin 'yan dukushi.

Akwai abin da ya kamata mu sani game da yadda Sisifus ya zama ɗan Korinti. A cikin Iliyad, tsohuwar waƙar Homa, Korinti ba ta da babban matsayi. An ambace ta a matsayin gari mai wadata a ƙarƙashin sarkin Maisini, Sisifus kuwa an ce a wani gari yake mai suna Efira. Wani mawaƙi ɗan gidan sarautar Korinti, Yumelus, shi ne ake danganta wa waƙar da ta ce Efira tsohon sunan Korinti ne. Masana da yawa suna ganin ta wannan hanya birnin da ya yi arziki daga baya ya samo wa kansa kakanni a cikin jarumawan dā. Mai kuɗin da ba shi da asali yakan nemi maroƙin da zai yi masa kirari.

Daga hikaya zuwa tarihi

Tsakanin tatsuniya da tarihi akwai labarin Aletis, wanda ma'anar sunansa ita ce mai yawo. An ce shi ne ya jagoranci kabilar Doriyawa suka ci birnin. Wata rana ya roƙi wani mutum gurasa, mutumin ya miƙa masa curin ƙasa don raini. Aletis ya karɓa da murna, ya ce an ba shi ƙasar ke nan. Gidan da ya mulki Korinti daga baya, Bakkiyawa, daga gare shi suke ƙirga asalinsu, labarin kuwa shi ne takardar shaidar mallakarsu.

Da Bakkiyawa muka fara taka ƙasa mai ƙarfi. Daga wajen 747 zuwa 657 K.H. suka riƙe birnin a matsayin dangi ɗaya, suna zaɓen shugaba daga cikinsu kowace shekara, ba sa aure sai a junansu. A zamaninsu, wajen 733 K.H., mutanen Korinti suka kafa Sirakusa a tsibirin Sisili, inda jirgin Bulus ya kwana uku a hanyarsa ta zuwa Roma (Ayyukan Manzanni 28:12), suka kuma kafa Korkira. Tukwanen Korinti masu ado sun kai ko'ina a bakin Bahar Rum. Tusididis, marubucin tarihi na Atina, ya ce a Korinti aka fara ƙera jiragen yaƙi masu jerin matuƙa uku a ƙasar Girka, kuma yaƙin ruwa mafi daɗewa da aka sani tsakanin Korinti da Korkira aka yi shi.

Faɗuwar Bakkiyawa ma da hikayarta ta zo, Hirodotus ne ya rubuta ta. Suna da 'ya gurguwa mai suna Labda wadda ba wanda ya so aurenta a dangi, sai aka aurar da ita ga bare. Masu duba suka ce ɗanta zai hallaka su. Da ta haihu, aka aiki mutum goma su kashe jaririn. Na farkon da ya karɓe shi, yaron ya yi masa murmushi, ya kasa, ya miƙa wa na biyu, haka har ya zaga su duka. Kafin su sake shawara su dawo, uwar ta ɓoye shi a cikin wani akwati da ake kira kifsele, daga nan ya sami suna Kifselus. Ɗalibi zai ji ƙamshin labarin Musa a nan, amma kama da wane ba ta wane. Labarin jaririn da ya tsira daga masu neman ransa ya bazu a al'ummai da yawa na zamanin dā, kuma wannan an shirya shi ne don a nuna cewa mutumin da ya ƙwace mulki da ƙarfi, alloli ne suka zaɓe shi.

Kifselus mutum ne na tarihi. Ya kori Bakkiyawa wajen 657 K.H., ya yi mulki shekara 30. Ɗansa Feriyanda ya gaje shi, ya yi wajen shekara 40. Waɗansu suna lissafta Feriyanda cikin masu hikima bakwai na Girka, Hirodotus kuwa ya nuna shi azzalumi wanda ya kashe matarsa. A wajen zamaninsa aka shimfiɗa hanyar dutse da ake kira Diyolkos a kan wuyan ƙasar, don jan kaya daga teku zuwa teku, wani lokaci har da jiragen yaƙi. Wasannin Istimiya, waɗanda hikaya ta ba Sisifus, a tarihi wajen 582 K.H. aka tsara su su zama na dukan Helenawa, ana yinsu kowace shekara biyu. A tsakiyar wannan ƙarni aka gina haikalin Afolo, wanda ginshiƙansa 7 daga cikin 38 suke tsaye har yau.

Bayan wannan Atina ta sha gaban Korinti a ciniki da jiragen yaƙi, kishi ya shiga tsakaninsu. Rigimar da suka yi a kan Korkira da Fotidiya tana cikin abubuwan da suka kunna babban yaƙin Atina da Sparta a 431 K.H. A 337 K.H. Filibus sarkin Makidoniya, mahaifin Iskandari Mai Girma, ya tara biranen Girka a Korinti ya zama shugabansu, aka ajiye sojojin Makidoniya a kan dutsen. Daga 243 K.H. birnin ya shiga ƙungiyar biranen Akaya. Wannan ƙungiya ce ta yi karo da Roma. An wulakanta jakadun Roma a Korinti, yaƙi ya tashi, a 146 K.H. kuma janar Lukiyus Mummiyus ya ci birnin. Aka kashe mazan da aka samu, aka sayar da mata da yara, aka kwashe kayan ado zuwa Italiya, aka sa wuta. A wannan shekarar ce kuma Roma ta rushe Kartaj a arewacin Afirka.

Kafawa ta biyu

Shekara 102 Korinti ba ta da matsayin birni. Tono ya nuna akwai 'yan tsirarun mutane da suka ci gaba da zama a kangon, amma ba majalisa, ba sarauta, wasannin Istimiya ma garin Sikiyon ne ya karɓi riƙonsu. A 44 K.H., shekarar da aka kashe shi, Yuliyas Kaisar ya ba da umarni a sake kafa ta a matsayin mazaunin Romawa, da suna na Latin mai ɗauke da yabon gidansa. Sitirabo, masanin ƙasashe wanda ya ziyarci wurin ba da daɗewa ba, ya ce yawancin waɗanda aka kawo 'yantattun bayi ne. Ya ƙara da cewa suna share kango suka tarar da tsofaffin kaburbura, ba su bar ko ɗaya ba su tona ba, suka cika kasuwar Roma da tukwane da kayan tagulla na matattu. Wanda yake tona kabari don ya sayar da abin da ke ciki, ya nuna ba kakansa ne a kwance ba.

Duk da haka, baƙin nan suka rungumi hikayoyin tsohon birni. A kan kuɗin da suka fara bugawa akwai kan Kaisar da rubutun Latin a gefe ɗaya, Belerofon a kan Fegasus a ɗaya gefen. Daga baya suka buga Melikertis a kan dolfin. Suka gyara maɓuɓɓugar Firene da haikalin Afolo, suka karɓo riƙon wasannin. Abin da Yumelus ya yi wa tsohuwar Korinti, shi suka sake yi wa kansu: suka ari asali.

A 27 K.H. aka yi lardin Akaya, Korinti ta zama mazaunin gwamnansa. Kusan dukan rubuce-rubucen hukuma da aka sassaƙa a kan dutse a ƙarni na 1 B.H. da Latin suke, ko da yake Helenanci ake ji a kasuwa da tasha. A nan 'yantaccen bawa yana iya riƙe babban muƙami, abin da ba a saba gani ba a yawancin biranen Romawa. Wani Babbiyus Filinus, wanda masana suke ganin 'yantaccen bawa ne, ya yi wani gini na tunawa a dandalin birnin, ya sa aka rubuta cewa da kuɗinsa ya gina shi, shi ne kuma ya amince da aikin a matsayinsa na shugaban gari. Inda ba a gāji daraja ba, sai a saye ta, a kuma rubuta a inda kowa zai gani.

Korintin da Bulus ya tarar

Wannan birni, wanda bai cika shekara 100 da kafawa ba, shi ne Bulus ya zauna a ciki shekara ɗaya da rabi (Ayyukan Manzanni 18). Muna iya sa masa shekara saboda wani rubutu da aka samu a Delfi, wasiƙar Kaisar Kalaudiyas da ta ambaci Galiyo a matsayin muƙaddas na Akaya. Daga gare ta aka gane Galiyo ya riƙe muƙamin wajen 51 zuwa 52 B.H., kuma a kan wannan ake auna sauran shekarun tafiye-tafiyen manzon. An tono dakalin shari'a a dandalin birnin. A 1929 kuma aka sami wani daɓe kusa da gidan wasa mai sunan Arastas, wanda ya shimfiɗa shi da kuɗinsa don godiyar muƙamin da aka ba shi. Ko shi ne ma'ajin gari na Romawa 16:23, masana ba su daidaita ba, mu ma kada mu yanke.

Yanzu mu koma ga karuwai dubu. Sitirabo ne ya faɗi maganar, kuma game da zamanin dā ya faɗe ta, lokacin arzikin tsohon birni. Abin da ya gani da idonsa a kan dutsen ɗan ƙaramin haikali ne, tono kuma ya tabbatar da ƙanƙantarsa. Masana da yawa ma suna shakkar ko an taɓa yin irin wannan al'ada a Girka. Kalmar nan ta Helenanci da ake fassarawa yin Korintanci, wato fasikanci, daga marubutan wasan kwaikwayo na Atina ta fito, abokan kishin Korinti, ɗaruruwan shekaru kafin Bulus. Wannan bai wanke sabon birnin ba. Garin tasha ne mai cike da matuƙa da fatake da bayi, surori 5 zuwa 7 na 1 Korintiyawa kuwa sun isa shaida. Amma shaidar tana cikin wasiƙar, ba ma bukatar aro daga birnin da ya ƙone kusan shekara 200 kafin a rubuta ta.

Tarihin kafawa ta biyu ya fi haskaka mana wasiƙun. In mun tuna cewa jikokin 'yantattun bayi ne masu gasar suna, za mu gane abin da ya sa zancen fahariya ya cika wasiƙun biyu, da abin da ya sa aka rabu ƙungiya ƙungiya a bayan manyan malamai, aka kai juna kotu, masu hali suka ƙoshi a Jibin Ubangiji marasa hali suna kallo. Za mu kuma ji nauyin 1 Korintiyawa 1:26, inda Bulus ya tuna musu cewa masu babban asali kaɗan ne a cikinsu. A garin da kowa yake neman asalin aro, wannan magana tana da ƙaiƙayi. Misalin masu tsere da rawanin da yake lalacewa a sura 9 shi ma na gida ne, gama rawanin ganye ake ba wanda ya ci wasannin Istimiya.

Kammalawa

Korinti ta ci gaba bayan Bulus. A 67 B.H. Kaisar Niro ya fara haƙa mashigin ruwa a wuyan ƙasar, Yosifus ya ce an aika masa da Yahudawa kamammun yaƙi 6,000, amma aikin ya tsaya, sai a 1893 aka buɗe mashigin da yake nan yau. Wajen 96 B.H. ikkilisiyar Roma ta rubuta wa ta Korinti wasiƙar da ake danganta wa Kilemas, a kan tsattsaguwa kuma. Girgizar ƙasa ta 1858 ta rushe garin da ya rage a tsohon wurin, aka gina sabuwar Korinti a bakin teku, tun 1896 kuma masana daga Amurka suke tono a kangon.

Abin da muke roƙon kowane mai koyarwa shi ne, duk labarin da ya ji game da Korinti ya yi masa tambaya uku kafin ya hau da shi mumbari: wa ya faɗa, a wane zamani, game da wace Korinti? Hikaya tana da amfani, tana nuna mana abin da mutane suke so a ɗauke su. Amma jama'ar da suke sauraronmu ba su da littattafan da za su bincika maganarmu, abin da muka ce shi za su ɗauka su faɗa wa 'ya'yansu. Wannan amana ce, kuma ta shafi abin da muke faɗa game da arna na dā kamar yadda ta shafi abin da muke faɗa game da manzanni.

Tambayoyin nazari

1. Zaɓi ɗaya daga cikin hikayoyin asalin Korinti, ka bayyana wanda take yi wa amfani da kuma abin da take ƙoƙarin tabbatarwa.
2. Kawo bambanci uku tsakanin Korinti ta kafin 146 K.H. da ta bayan 44 K.H.
3. Karanta 1 Korintiyawa sura 1 zuwa 4, ka nuna wuraren da tarihin kafawa ta biyu ya taimake ka fahimta.